Harafi Ɗaya a Kurmin Fatake

Jos, 6 ga Nuwamba, 2022

Zuwa ga Kaka Malam Uwaisu, Zangon Ɗinya.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fatan kana lafiya, kai da surukarka Asiya da duk mutanen gida. Na iso Jos lafiya, sai dai har yanzu ƙafafuna ba su yafe maka yawon da ka yi da ni ba.

Ka ce kada in kira ka a waya, wai maganar waya iska ce, wadda ta hau takarda ita ce magana. To ga takarda. Rabona da rubuta wasiƙa tun jarrabawar sakandare, saboda haka kada tsohon hedimasta ya ɗauko mini jan biro.

Kafin kakata Aina'u ta rasu ta sha ce mini tana da wani taubashi a arewacin Ɗambatta, mai taurin kai, wanda ya auri daji. Na zo ne kawai in sada zumunci in cika mata burinta. Ban san za ka shigar da ni Kurmin Fatake in fito da shi a zuciyata ba. Ni da nake aikin safiyo, na taka dazuzzuka da yawa, amma ban taɓa ganin irin wannan ba: gonaki sun matse shi ta kowace kusurwa, gero har bakin shinge, shi kuwa yana tsaye da inuwarsa. Ina ta tuna tsohon gwadaben da ya ratsa tsakiyarsa, yadda ƙafar raƙuma da jakuna ta cinye ƙasa har ya zama kwari, mutum ya shiga sai ya kai masa ƙugu. Da kukar da ka ce madugu yake ɗaure dokinsa idan ayari ya sauka a hanyar Damagaram. Da 'yan siraran hanyoyin da ka fitar da hannunka, waɗanda ka ba kowace suna.

Ranar da zan taho Asiya ta ce mini an fara maganar raba kurmin a yi gonaki. Gaskiya ne? Me ya sa ka kwana biyu kana zuba mini tarihi ba ka faɗa mini ba? Idan haka ne akwai hanya. Ana iya neman a yi masa rajista a matsayin gandun da al'umma ke karewa, kuma na san yadda ake cika takardun.

Na ga ka yi tuntuɓe sau biyu da saiwar da ke fili. Ka je a duba maka idon nan.

Jikarka, ko da ta nesa ce,
Ramlat


Zangon Ɗinya, 20 ga Nuwamba, 2022

Zuwa ga Ramlat.

Wa alaikumus salam. Wasiƙarki ta same ni ta hannun Kamaruddeen mai bas, ina lafiya, mutanen gida suna amsawa. Na sami kurakurai huɗu a cikinta. Na yafe uku saboda Aina'u, na huɗun kuwa shi ne batun idona. Idona garau yake. Saiwar ce ba ta da ladabi.

Abin da Asiya ta faɗa miki gaskiya ne, duk da ba aike ta aka yi ba. Ban gaya miki ba don ba a tarar baƙo da kuka. Dagaci Hashimu ya tara mu bayan girbi ya ce samari ashirin da bakwai a garin nan ba su da inda za su sa fartanya. Ba ƙarya ya yi ba. Gonar da ubana ya noma shi kaɗai, yau gida tara ke cin ta. Dagaci ɗalibina ne, kuma ba mugu ba ne. Ya ce mini, "Malam, inuwa ba ta cika rumbu." Na ce masa, "Ranka ya daɗe, kalgo da kanya da maganin da matanku suke ɗiba, daga rumbun wa suke fitowa? Rijiyar bakin kurmi ita kaɗai ba ta ƙafewa da bazara, ka taɓa tambayar dalili?" Muka rabu a kan cewa idan hukuma ta ba kurmin takarda kafin ruwan fari, ya janye. Idan ba ta bayar ba, za a ja igiya a raba.

Ki sani, lokacin da na yi ritaya shekara goma sha tara da suka wuce, gefen gwadaben nan fayau yake, awaki da masu itace sun gama da shi. Manyan itatuwa kawai suka rage, tsofaffi irina. Ni na bi duk wani tsiro da ya leƙo ina kewaye shi da ƙaya. Yau marke da kanya da aduwa da ƙirya ɗari da goma sha huɗu ne a gaɓar hanyar, dama da hagu, wasu sun fi ni tsawo sau biyu. Na san kowanne kamar yadda na san 'yan ajina.

Ki cika takardun. Duk abin da kika ce a yi za a yi, ke ce kika san harshen ofis. Ni dai na yi niyya, ba za a ja igiya a kurmin nan ina numfashi ba.

Kakanki,
Uwaisu


Jos, 15 ga Janairu, 2023

Kaka Malam,

Barka da sanyi, ina fatan kana lafiya. Ka yi haƙuri da jinkiri, takardun ne suka yi ta yawo daga tebur zuwa tebur. Albishirinka: an karɓa. Kwamitin gandun daji zai kawo ziyara ranar 12 ga Maris, mutum uku. Za su taka gwadaben daga farko har ƙarshe, su bi ƙananan hanyoyin, su rubuta abin da suka gani.

Ga abin da za a yi kafin su zo. A share hanyoyin a kwashe ledoji. A gyara shingen yamma inda shanu suke kutsawa. A nemo dattawa biyu ko uku da za su ba da tarihin fatake, amma ka bar su su yi magana, kada ka ƙwace. Abu mafi muhimmanci kuma, a tsare ƙananan itatuwan nan duka da ke gaɓar gwadaben, kada a bar ko ɗaya. A kansu maganar za ta tsaya.

Gobe za mu tafi aiki can kan iyaka, bayan tsaunuka, mako bakwai. Ba waya, ba mota. Zan dawo kafin ranar ziyara in Allah ya so.

Ramlat


Zangon Ɗinya, 28 ga Janairu, 2023

Ramlat,

Gaisuwa da fatan alheri. Muna lafiya, sai dai wasiƙarki ta hana ni cin abinci.

Na karanta ta sau uku a tsakiyar rana. Shara da shinge da dattawa duk na ji. Amma kin ce a sare ƙananan itatuwan duka da ke gaɓar gwadaben, kada a bar ko ɗaya. Ramlat, waɗannan su ne ɗari da goma sha huɗun da na ba ki labari. Na yi ta juya maganar. Na gane dai mutanen ofis hanyar tarihi suke son gani, kuma gaskiya rassan sun rufe ta, a wasu wuraren sai mutum ya sunkuya. Wataƙila a wurinsu ciyawa ce ta cinye kayan tarihi. Amma duka? Ba za a rage rassa kawai ba?

Ban nuna wa kowa takardar ba, ban ga dalilin da zan sa a karanta mini abin da na karanta ba. Na sa Asiya ta kira lambarki, ni da na ce waya iska ce, aka ce a kashe take. Ki ba ni amsa da gaggawa. Zan jira har ƙarshen Fabrairu.

Uwaisu


Zangon Ɗinya, 2 ga Maris, 2023

Ramlat,

Ina gaishe ki. Shiru dai. Kullum Kamaruddeen ya dawo daga Kano sai in tare shi a bakin titi, ya ɗaga mini hannu wayam.

Na yi abin da kika ce. Na auna, na ga idan na ƙi aka rasa takardar, ba ɗari da goma sha huɗu kawai za a rasa ba, har kukar madugu sai ta tafi. Gara a yanke yatsa a bar hannu. Na nemi mutum huɗu da gatari, kwana uku muka yi. Mutanen gari suka fito kallo. Wata tsohuwa ta ce, "Malam, lafiyarka kuwa? Kai da ka kai ɗana ƙara a kan reshe ɗaya?" Na ce umarni ne daga sama.

Ni na fara sara, don kada in ɗora wa wani. Marken nan na kusa da rijiya, wanda kika jingina da shi kika cire ƙaya daga takalminki, shi na fara kayarwa. Ba zan ɓoye miki ba, na yi kuka, kuma ban damu da wanda ya gani ba.

Abu ɗaya na saɓa. Masu saran sun so su tone saiwa su sa wa kututturan wuta don wuri ya yi fes. Na hana. Na ce a sare daidai gwiwa, a karkace, yadda ubana yake yi don kada ruwa ya kwanta a kan sara. Idan mutanenki sun ga kututture ya ɓata musu hanya, su faɗa mini a fuskata.

Yanzu gwadaben ya fito tar, daga wannan baki ana hango wancan. Allah ya sa abin da suke so ke nan.

Uwaisu


Jos, 7 ga Maris, 2023

Kaka,

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Yau na dawo na tarar da wasiƙunka biyu a ƙarƙashin ƙofa, na karanta su a tsaye da jakata a kafaɗa.

Tsare na rubuta, Kaka. A tsare. A kare su, kada a bar ko ɗaya ba kariya. Kwamitin ba hanya kawai yake dubawa ba. Tsofaffin itatuwa ko'ina akwai su. Abin da suke nema shi ne shaidar cewa daji yana haihuwa kuma mutane suna renonsa, ƙananan nan su ne hujjarmu gaba ɗaya. Na so in yi maka wannan bayanin, gaggawar tafiya ta sa na taƙaita. Da na ƙara layi biyu da duk wannan bai faru ba.

Na kira shugabar kwamitin a waya na roƙi a ɗaga ranar, ta ce an riga an tsara. An hana ni hutu, ba zan samu zuwa ba. Kada ka ɓoye musu komai, kuma kada ka karaya. Ban san me zan ce maka a kan marken ba.

Ramlat


Zangon Ɗinya, 15 ga Maris, 2023

Ramlat,

Na sami takardarki. Muna lafiya.

Shekara talatin da biyar ina koyar da karatu. Na san bambancin sare da tsare tun uwarki ba ta fara rarrafe ba. Abin da na gani a takarda shi na karanta. Ku 'yan zamani da kuka saba da latsa waya, harafi ya faɗi a hanya ba ku sani ba. Ba zan ƙara magana a kai ba.

Sun zo. Mace ɗaya, maza biyu. Dattawa sun ba da tarihi, kuma ban ƙwace ba sai sau ɗaya. Sun yi murna da kukar madugu, sun ɗauki hoton duwatsun murhun fatake. Da muka shiga gwadaben sai shugabar ta tsaya cak, ta dubi kututture dama da hagu, ta ce, "Malam, wa ya yi wannan ɓarnar?" Na ce ni ne. Ta ce, "A takarda an rubuta kai ne mai kula da wurin." Na ce shi ma ni ne. Ta rufe littafinta ta ce ba za ta iya sa hannu a kan maƙabarta ba.

Na ce mata, "Hajiya, ba maƙabarta ba ce. Abin da aka sare na sama ne, na ƙasa yana nan da ransa, saiwar shekara goma sha tara. Ki dawo bayan ruwa ya zauna. Idan rabinsu ba su yi toho ba, ni da kaina zan riƙe wa Dagaci igiyar rabo." Ta duƙa ta taɓa wani sara, ta tambayi wa ya ce a yanke a karkace. Daga nan ta ce za ta dawo ranar 20 ga Agusta.

Saura Dagaci, don wa'adinsa ruwan fari ne. Na bi shi har gida. Ya ce samari sun gaji da jira, wasu har sun fara zaɓen inda suke so. Na cire hulata na ajiye a gabansa, abin da ban taɓa yi wa ɗalibi ba. Ya ce, "Subhanallahi, Malam, mayar da hularka." Ya ba ni damina ɗaya.

Yanzu aikin shi ne awaki. Toho ya fito suka cinye, shi ke nan. Kowane kututture sai an kewaye shi da ƙaya, ɗari da goma sha huɗu. Na yi shi sau ɗaya ina da shekara hamsin da biyar, zan sake ina da saba'in da huɗu.

Uwaisu


Jos, 2 ga Afrilu, 2023

Kaka Malam,

Ina gaishe ka da aiki. Wataƙila birona ne ya yi gardama, ka yafe mini. Ba na son mu rasa kurmi mu kuma rasa juna a kan harafi ɗaya.

Na karanta cewa idan toho ya fito da yawa a kututture, a bar biyu ko uku masu ƙarfi a cire sauran. Na san ka riga ni sani, na faɗa ne don in ji ina da amfani. Na nemi hutu a Agusta. Ka riƙa shan ruwa, rana ta yi zafi.

Jikarka,
Ramlat


Zangon Ɗinya, 24 ga Agusta, 2023

Zuwa ga jikata Ramlat.

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa. Za ki ga rubutun ba nawa ba ne. Asiya ce take rubutawa, ni ina faɗa, kuma na gargaɗe ta kada ta gyara mini magana. Na ji an sake hana ki hutu. Ba komai, zauna ki ji.

Wata huɗu ban amsa miki ba. Ba aiki ne kaɗai ya hana ni ba, kunya ce. Ran da wasiƙarki ta ƙarshe ta zo, kina ba ni haƙuri a kan laifin bironki, na kasa karanta ta ko a tsakiyar rana. Na kira Asiya ta karanta mini. Da ta gama sai na ɗauko ta watan Janairu daga cikin littafina na ce ta karanta wannan ma. Ta karanta, "A tsare ƙananan itatuwan." Na ce ta sake. Ta sake. Na ce ta ɗora yatsana a kan harafin. Ta ce, "Baba, ga shi nan, har ya fi sauran baƙi."

Bironki bai yi gardama ba, Ramlat. Shekara biyu ke nan da yanar ido ta rufe mini gani, ina gani kamar ta cikin ruwan koko, ina cika abin da ban gani ba da ka. Na ɓoye don kada a ce hedimasta sai an karanta masa. Asiya tana tsakar gida ran da takardar ta zo, taku goma tsakanina da ita. Hausawa sun ce girman kai rawanin tsiya, ni nawa rawanin itace ɗari da goma sha huɗu ya ci. Na ɗora miki laifi kina da gaskiya, kika karɓa don ki rufa mini asiri. Ki yafe mini.

Ga labarin kurmi. Ƙayar ba ni kaɗai na ja ba. Da na kai kututture na talatin hannuna ya kumbura, sai matan da suke ɗibar kalgo suka shigo, tsohuwar nan da ta yi mini gori ita ce a gaba. Daga baya har biyar daga cikin samarin da ke jiran rabo suka zo. Na tambayi ɗaya dalili, ya ce, "Malam, ba ma so mu ci gona a kan kuskuren karatu." Ruwa ya sauka a ƙarshen Mayu. Ni ba na ganin toho, sai in bi da hannu ina shafawa, Asiya tana ƙirgawa.

Shugabar ta dawo ranar da ta ce. Ta ƙirga da kanta, ta sami casa'in da ɗaya, wasu tohon ya kai mata ƙirji. Ashirin da uku sun mutu, kuma marken rijiya yana cikinsu. Na zauna a kan kututturensa na daɗe. Shugabar ta sa wa takardar hannu a kan bayan motarta. Dagaci ya karɓi takardar ya ce magana ta ƙare, ya kuma ce zai nema wa samarin fili a wajen noman rani na Watari. Ban san ko za a samu ba. Na yi masa alkawari zan bi shi duk ofishin da za shi, tunda yanzu na iya cire hula.

Bayan girbi Asiya za ta kai ni Kano a cire yanar. Na yarda. Ki zo a lokacin kaka mu sake taka gwadaben, wannan karon ke za ki riƙa nuna mini saiwa.

An kafa allo a bakin kurmi. Mai fenti ya tambaye ni me za a rubuta, na ce kalma biyu sun isa: A TSARE. Na sa ya yi T ɗin ya ninka sauran girma. Ya ce, "Malam, ba haka ƙa'idar rubutu take ba." Na ce masa ni na koya masa ƙa'idar, ya yi abin da aka sa shi. Jiya na tsaya a gaban allon. Sauran haruffan duk hazo ne a wurina, amma shi ina ganinsa.

Kakanki mai taurin kai,
Uwaisu